Na ce wa abokina jemage cikin wasa, ya ƙaurace wa majalisa

Wani matashi Bakano da ke aiki a shagon turare a Balad, cikin Jidda, ya aiko da tambaya. Shekararsa uku a ƙasar nan. Duk daren Juma'a sukan taru su shida ko bakwai a saman gidan da suke haya, a ɗora shayi, a sayo tsire, a yi ta tsokanar juna har dare ya raba. Cikinsu akwai wani Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakansa ya zo da ƙafa. Sun saba yi masa dariya idan Hausarsa ta karye, shi ma yana ramawa. Rannan sai mai tambayar ya ce masa, "Ku ai jemagu ne, ba ku tsuntsu ba ku dabba. Larabawa ba su karɓe ku ba, in kun je Kano kuma a ce takari." Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma mako uku ke nan bai sake hawowa ba. Kuma shi ne wanda ya yi jinyarsa bara da zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu yana jigila da shi zuwa asibiti a motarsa. Ya ce: "Malam, ba wasa ba ne? Sannan ni ban taɓa iya buɗe baki na yabe shi ba, sai in ji kamar na zama maroƙi. Yaya zan yi?"

Ɗana, ka yi ɓarna, amma irin wadda take gyaruwa ce, in ba ka bari ta daɗe ba. Na yi shekaru ina koyar da harshe da al'adun Hausa kafin zama ya kawo ni nan, kuma na zauna a majalisu irin taku da yawa tsakanin Makka da Jidda. Na ga abota ta shekara ashirin ta mutu a kan magana ɗaya da aka yi ana riƙe da kofin shayi.

Bari mu koma gida tukuna, domin can ka koyi wasan. A ƙasar Hausa wasa yana da masu shi. Bakano yana da Bazazzagi, Bafulatani yana da Babarbare, Bakatsine yana da Banufe, Bagobiri yana da Bayarabe. A cikin gida akwai taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda har kuɗin shara suke bin juna idan watan cika-ciki ya kama. Kaka takan kira jikanta "mijina", ta kira jikanyarta "kishiyata". Ƙanin miji yana da lasisin tsokanar matar wansa. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ko sunansu ba a kamawa, kamar suruki da ɗan fari. Al'adar ta yi ƙarfi har hukumar UNESCO ta saka wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Abin da ya kamata ka lura da shi a duk waɗannan shi ne, maganar tana zuwa tana komowa. Bafulatani zai tsaya tsakiyar kasuwa ya ce wa Babarbare "bawana, zo ka ɗaukar mini kaya", Babarbaren ya ce "ji bawan da kakana ya saya da kanwa". Kowa a wurin ya san ba labari ake bayarwa ba. Babu wanda ya mallaki wani, babu wanda zai koma gida ya kwanta yana juya maganar. Dariyar tana fitowa ne daga sanin cewa abin da aka faɗa ba shi da ƙafar tsayawa.

To ka auna maganarka a kan wannan ma'aunin. Ta tsaya da ƙafarta. Kuma ba shi da abin da zai mayar maka, domin kai kana da Kano, kana da unguwa da zaure da kabarin kakanninka, duk ranar da ka gaji da Jidda ka san inda za ka dosa. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Abokinka ya san wannan karin maganar ko da Hausarsa ta karye. Abin da ya ji shi ne ka daɗe kana kallonsa a haka, ranar ce kawai ka samu ƙofa.

Ƙila ba ka san nauyin abin da ka taɓa ba, don haka zan ɗan tsaya a nan. Hausawan Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, ba jiya suka zo ba. Alhazai sun daɗe suna ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, su yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago, su isa Sawakin, tashar jirgin ruwa a Sudan, su hau jirgi zuwa Jidda. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a masu yawa suka ci gaba da hijira gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar ta Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno, wasu kuma suka zarce har Makka da Madina. Jikokinsu ne kake gani a unguwannin Misfala da Shara Mansur da Hindawiyya. Wasu iyalan sun zama 'yan ƙasa tun da wuri, su ne masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, a cikinsu akwai malamai da likitoci da sojoji. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan bayan Saudiyya uku Hausawi ne, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Wasu iyalan kuwa an haifi uba a nan, an haifi ɗa a nan, amma har yau da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, suke zaune, saboda haihuwa kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa a nan. Kalmar takari ta fito ne daga Takruni, wadda asalinta sunan tsohuwar daular Takrur ce ta bakin kogin Sanagal. Sunan kirki ne a tushensa, amma bakin mutane ya ɓata shi. Ka ƙara da cewa sai a 1962 aka soke bauta a ƙasar nan, don haka kalmar "abd", wato bawa, wadda Bafulatani da Babarbare ke jifan juna da irinta a Maiduguri suna dariya, a nan ciwo ce da ba ta gama warkewa ba. Abokinka tun yana makarantar firamare yake jin ire-iren waɗannan daga bakin yara. Ya hau saman gidanku ne domin yana ganin nan ne wurin da ba za a faɗa masa ba. Wargi wuri yake samu, kai kuma ka ɗauko wargin Kano ka shimfiɗa shi a inda ƙasar ba iri ɗaya ba ce.

Ba ina cewa ku daina wasa ba. Majalisar da ba a tsokana a cikinta zaman makoki ce, kuma baƙon da aka daina tsokana an daina ɗaukarsa ɗan gida. Samarin Saudiyya su ma suna da tasu, suna ce mata ɗagɗaga, 'yan Sudan suna ce mata hizar. Filin yana da faɗi. Ƙwallo kaɗai ta ishe ku shekara: ɗan Ittihad da ɗan Ahli a Jidda, ɗan Hilal da ɗan Marikh in akwai mutumin Umdurman ta Sudan a wurin. Shi abokin naka ma yana da makamin da ba za ka iya karewa ba. Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a Ƙatar a 2022, gasar da Najeriya ba ta ko je ba, alhali sau biyar Najeriya tana haɗuwa da Ajantina a gasar duniya, 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018, kuma duk biyar ɗin an ci ta. Ga rigimar suna: mu mu ce tsire, mutanen Hijaz su ce siriye, na Sudan su ce agashe, kowa yana iƙirarin nasa ne na asali. Ga wanda ke ƙirga cokalin sukari, ga mai minshari, ga wanda shekara uku bai iya Larabcin da ya wuce "kam haza", wato "nawa ne wannan", ba. Karyewar Hausarsa ma ba laifi a taɓa ta, tunda shi ma zai iya kwaikwayon Larabcinka, ka ga ta koma. Abin da za ka kiyaye shi ne duk abin da mutum bai zaɓar wa kansa ba kuma ba ya iya cire shi: launin fata, asali, uwa, rashin haihuwa, daɗewa ba aure saboda rashin hali, bashin da ya danne shi. A nan kuma a ƙara da takardu. Kada ka taɓa yi wa mutum wasa da igama, ko kafili, wato wanda ya tsaya wa baƙo a takarda, ko tarhil, wato korar baƙo zuwa ƙasarsa. Na taɓa zama a wata majalisa a Makka aka shigo da gudu ana cewa "ga jawazat nan", wato jami'an shige da fice, wai don a ga wanda zai fara tsallake katanga. An yi dariya har da faɗuwa. Wani bawan Allah kuwa ya karye a ƙafa, kuma daga ranar kowa ya san sirrin da ya yi shekaru yana rufewa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba, kuma ya faɗe ta ne a kan wasa da sahabbai suka yi wa wani yana barci. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta riga ta haɗa izgili da aibatawa da jifa da munanan laƙabi wuri guda ta hana.

Wata 'yar ƙaramar nasiha a gefe. Ku samarin Kano kun mai da "shege" kalmar yabo, mutum ya yi bajinta ku ce "kai, shegen ya iya". Wanda ya tashi da Larabci fassara kalmar yake a ransa, kuma fassarar ƙazafi ce ga mahaifiyarsa. Haka nan ɗaukar bidiyon tsokana a tura WhatsApp. Wasan da aka yi tsakanin mutum bakwai, in ya shiga waya ya zama na mutum ɗari bakwai da ba su san mafarinsa ba. Dokar laifuffukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 a kan ɓata suna ko keta sirrin mutum da kyamarar waya.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda a ganina shi ne tushen matsalar. Ka ce ba ka taɓa yaba masa ba. Wato shekara uku kana cira daga asusun abotarku da tsokana, ba ka taɓa zubawa ba. Da ya taɓa jin daga bakinka yadda ka ɗauke shi, da maganar jemage ta yi masa zafi amma ba ta kore shi ba, domin yana da wata maganar taka da zai ɗora a ɗaya gefen sikeli. Ba shi da ita.

Na san dalilin nauyin bakin, duk muna da shi. An raine mu da kunya, uba yakan mutu bai taɓa ce wa ɗansa "ka kyauta" a gabansa ba. Yabo a bainar jama'a sana'ar maroƙa da 'yan fada ce, kuma kowa ya san bayan kirari hannu ake miƙawa. Muna da karin magana mai sa taka-tsantsan, wai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Muna tsoron kambun baki. Shi ya sa muke ɓoye yabon cikin tsokana, mu ce "wannan ɗan banzan ba ya gajiya da hidimar mutane", mu ɗauka saƙo ya isa. Wani lokaci yana isa. Amma wanda ransa ke da rauni, "ɗan banzan" kawai yake ji. Hausawan Sudan sun ɗauko wata addu'a daga maƙwabtansu Larabawa. Idan mutum ya yi abin kirki sai su ce "Allah la jab yom shukrak", wato Allah kada ya kawo ranar yabonka, domin ranar da ake yabon mutum baki buɗe ita ce ranar jana'izarsa. Addu'ar tsawon rai ce, kuma tana da daɗi a kunne, amma duk lokacin da na ji ta sai in ga tonon asirinmu ne gaba ɗaya. Mun ajiye yabo sai an shimfiɗa tabarmar gaisuwa.

Wasu kuma da hadisi suke fakewa. Gaskiya ne Muslim ya ruwaito daga Miƙdad cewa a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo. Gaskiya ne Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa wani ya yabi wani a gaban Annabi (SAW), sai ya ce masa "kaiconka, ka yanke wuyan abokinka". Amma a karanta hadisin har ƙarshe. Ya ce wanda ba makawa sai ya yabi ɗan'uwansa, ya ce ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi, in har ya san hakan daga gare shi. Zuga da wuce gona da iri da yanke wa mutum hukuncin tsarki aka toshe. Shi kansa Annabi (SAW) ya ce madalla da Abdullahi ɗan Umar da zai riƙa sallar dare. Ya ce idan mutum yana son ɗan'uwansa ya sanar da shi yana sonsa. Maganar kambun baki kuma maganinta a Muwaɗɗa yake: da Amir ɗan Rabi'a ya yaba jikin Sahlu ɗan Hunaif, Sahlu ya faɗi ba lafiya, abin da aka tuhumi Amir da shi shi ne me ya sa bai sa albarka ba. Shi ya sa a nan in ka yaba motar mutum ko ɗansa zai ce maka "gul masha Allah", har a gilashin mota suke rubutawa. Mu kuma muna da tubarkalla. Ka faɗe ta, ka yi yabonka.

Ƙissar da na fi so a wannan babin ita ce ta Zahir, wadda Ahmad ya ruwaito, Tirmizi ma ya kawo ta a Shama'il daga Anas. Zahir baƙauye ne, yakan kawo wa Annabi (SAW) tsarabar ƙauye, kuma ba shi da kyan fuska. Wata rana yana sayar da kayansa a kasuwa, Annabi (SAW) ya zo ta bayansa ya rungume shi. Zahir ya ce wane ne, a sake ni. Da ya waiga ya gane, sai ya ƙara manna bayansa da ƙirjinsa. Annabi (SAW) ya ce, wa zai sayi bawan nan? Bai faɗi ƙarya ba, kowa bawan Allah ne. Zahir ya ce, ya Manzon Allah, ai kuwa za ka same ni kayan kwantai. Ka ji inda wasan ya taɓa wani abu da Zahir ke ɗauke da shi game da kansa. Annabi (SAW) bai ƙara wata tsokanar ba, bai kuma ce "wasa nake" ba. Nan take ya ce, amma a wurin Allah kai ba kwantai ba ne, kai mai tsada ne. Murmushin da abokinka ya yi a daren nan shi ne "za ka same ni kayan kwantai". A lokacin ya kamata maganar zazzaɓin bara ta fito daga bakinka.

Ga yadda zan yi da ni ne. Ba zan tura saƙon murya ba, ba kuma zan aika wani daga cikin 'yan majalisa ba. Ko da a Makka yake, tsakanin Jidda da Makka tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Ka same shi shi kaɗai. Kada kalmar "wasa" ta fito daga bakinka, domin in ka ce "ai wasa nake", ka mai da laifin kansa, ya zama shi ne wanda bai iya ɗaukar raha ba. Ka maimaita abin da ka faɗa da bakinka, ka ce magana ce marar kyau, ba ka san nauyinta ba, yanzu ka sani. Kada ka tsaya kare kanka in ya amayar da abin da ke ransa, ko da ya haɗa da wasu tsofaffin maganganu da ka manta.

Daga nan sai yabon, kuma ga bambancinka da maroƙi. Maroƙi siffa yake jerowa, wane mai kyauta, wane giwa, wane ba ka da na biyu, kuma zai iya ɗauke kirarin nan ya ɗora wa wani gobe. Kai aiki za ka ambata, wanda shi kaɗai ya yi: "Kwana huɗu ka bar aikinka kana kai ni asibiti. Ranar farko har ka biya kuɗin magani ba ka faɗa mini ba, a takarda na gani. Ba ni da kowa a garin nan da zai yi mini haka. Ban taɓa faɗa maka ba, kunya ce ta hana ni." Ka tsaya nan. Kada ka ja shi, kada ka rufe shi da barkwanci don kauce wa shirun da zai biyo baya, kuma kada wata buƙata ta biyo bayansa a ranar ko a makon. Ka cika da "Allah ya saka da alheri", wadda Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya faɗa wa mai kyautata masa ita ya kai matuƙa wajen yabo. In ya kai ka ka gaida mahaifiyarsa, ka faɗa mata ita ma, wannan ya fi duk turaren shagonku. Sannan tunda a gaban mutum shida ka muzanta shi, su shidan suna bin ka bashin jin ɗaya labarin. Ka ba su shi a daren Juma'a mai zuwa, ba ya nan, domin yabon bayan ido ba ya kama da fadanci kuma yana da ƙafa, zai isa gare shi.

Kada ka matsa masa ya dawo. In ya dawo, kai kada ka fara tsokana, kuma kada ku yi ta lallaɓa shi kamar ƙwai, wannan ma wata wariyar ce. Ka bar masa bugun farko. Idan ya zauna ya kalle ka ya tambayi sau nawa Najeriya ta ci Ajantina, ka yi shiru ka zuba masa shayi.